BABI NA UKU: JIRGIN DUFUNA DA KAYAN TARIHIN DA RUWAN TAFKIN CHADI YA ADANA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin daular Kanem-Borno kamar yadda ta zo a rubutattun madogara, wato jerin sarakunan Saifawa da ake kira Girgam ko Diwan, da littattafan Imam Ahmad Ibn Furtu, da kuma rahotannin Turawa 'yan yawon buɗe ido na ƙarni na 19. A wannan babi kuwa za a juya ne zuwa ga wata irin madogara ta daban, wadda ba alƙalami ne ya rubuta ta ba, wato kayayyakin da mutanen dauri suka bari, ruwa da taɓo suka rufe su. Manufar babin ita ce a nuna cewa a yankin Tafkin Chadi ba a iya raba tarihin da ke ƙarƙashin ruwa da wanda ke ƙarƙashin ƙasa, domin shi tafkin ba ya zama wuri ɗaya. Inda masunci ya jefa taru a wannan ƙarni, a ƙarni na gaba sai a tarar manomi ne yake shuka masara a wurin. Saboda haka jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke kewaye da tafkin da kogunansa ita ce taskar tarihin mutanen ruwa, waɗanda marubutan fada ba su damu da su ba sai in yaƙi ya haɗa su da sarki.

3.1 Binciken Kayan Tarihi na Cikin Ruwa

Abin da ake nufi da wannan fanni shi ne nazarin duk wata alama ta rayuwar ɗan'adam da ruwa ya rufe, ko jirgi ne da ya nutse, ko gari ne da ambaliya ta ci, ko kuwa kayan aiki ne da suka faɗa cikin laka. Fannin ya samu gindin zama ne bayan da Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera na'urar numfashi ta masu nutso a shekarar 1943, sa'annan a shekarar 1960 George Bass ya jagoranci tonon wani daɗaɗɗen jirgi a gaɓar tekun Turkiyya da irin tsarin da ake bi a tudu. Wannan ya sa da zarar an ambaci fannin sai hankalin mutane ya tafi ga teku da masu nutso. Sai dai tun kafin na'urar nutso tafkuna sun riga sun fara ba da labarinsu. A hunturun shekarar 1853 zuwa 1854 ruwan Tafkin Zurik na ƙasar Suwizalan ya ja baya ƙwarai, sai ga turakun katako na gidajen mutanen dauri sun bayyana a bakin gaɓa, Ferdinand Keller ya yi nazarinsu. A shekarar 2011 hukumar UNESCO ta sa wurare 111 na irin waɗannan gidaje, a ƙasashe shida na yankin tsaunukan Alps, cikin jerin kayan gadon duniya.

Dalilin da ya sa ruwa yake da wannan daraja ga masu tone-tone ba mai wuyar fahimta ba ne. A busasshiyar ƙasa irin tamu, gara da ƙwari da ruɓewa ba sa barin itace ko fata ko igiya ko tabarma su daɗe. Abin da yakan saura shi ne katangar tukunya da dutse da ƙashi da ƙarfe. Amma idan itace ya nutse cikin laka, ruwa ya cika shi, iska ba ta kai gare shi, to ƙwayoyin da ke ruɓar da shi ba sa iya aiki, sai ya yi dubban shekaru da siffarsa. Wato ke nan mafi yawan abin da talaka ya yi amfani da shi a rayuwarsa ta yau da kullum, a cikin ruwa kawai ake sa ran samunsa.

3.2 Tafkin da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya

Tafkin Chadi yana tsakanin ƙasashe huɗu: Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Ba shi da zurfi, a wurare da yawa bai wuce 'yan mitoci kaɗan ba, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa daga kogunan Shari da Logon yake zuwa. Daga yamma kuwa Komadugu Yobe ce take zuba masa ɗan abin da ta samu, ita kuma daga kogunan Haɗejiya da Jama'are take sha. Ke nan ruwan saman da ya sauka a ƙasar Kano, ya bi Kogin Kano da Challawa, asalin hanyarsa ita ce Chadi. Da yake tafkin a shimfiɗe yake kamar faifai, ƙaruwa ko raguwar mita ɗaya takan matsar da gaɓarsa kilomitoci masu yawa.

Masana yanayin ƙasa sun tabbatar da cewa kimanin shekara 7,000 da suka wuce tafkin ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, wato ya fi kashi ɗaya cikin uku na faɗin Nijeriya, kuma ruwansa ya ɗara na yanzu tsawo da kimanin mita 40. Har yanzu ana ganin tsohuwar gaɓarsa: wani dogon tudun rairayi ne da ya ratsa ta Maiduguri da Konduga da Bama, wanda ake kira Tudun Bama. A kan wannan tudu, a Konduga, an tono katangar tukwane masu ado da suka haura shekara 6,000, abin da ke nuna cewa mutane sun zauna a bakin wancan babban ruwa. Wuri mafi zurfi na tsohon tafkin shi ne kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi, wanda yanzu hamada ce. Farar ƙasar da ke wurin ragowar ƙananan halittun ruwa ce, kuma daga can ne iska take kwaso wani babban kaso na ƙurar da ke rufe garuruwanmu da hunturu. Ashe hazon da yake hana jirgin sama sauka a Kano gindin tsohon tafki ne yake tashi sama.

Ba sai an koma dubban shekaru ba kafin a ga wannan kai-da-komo. Lokacin da Denham da Clapperton da Oudney suka iso a shekarar 1823 sun tarar da ruwa mai yalwa. Heinrich Barth ya ba da labarin cewa a tsakiyar shekarun 1850 ruwa ya ci wani babban sashe na garin Ngurno, garin da Shehu Muhammadu al-Kanemi ya zauna kafin ya kafa Kukawa a 1814. Amma da ayarin Tilho na Faransa ya zo auna iyaka tsakanin 1906 da 1909, sai ya tarar sashen arewa ya ƙafe. A shekarar 1963 tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 ya raba shi gida biyu, kudu da arewa, sa'annan a tsakiyar shekarun 1980 buɗaɗɗen ruwansa ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wancan faɗi. Masunta da manoma, cikinsu har da Hausawa masu yawa, suka bi ruwan suna kafa ƙauyuka a inda dā jirgi yake bi. Haka aka yi har suka tsallake iyaka ba tare da sun ga alamarta ba, lamarin da ya kai ga shari'ar da Kotun Duniya ta yanke a watan Oktoba na 2002, Nijeriya ta miƙa wa Kamaru Darak da wasu ƙauyuka fiye da 30 a ƙarshen 2003. Daga shekarun 1990 zuwa yau kuma ruwan ya ɗan farfaɗo, kuma hotunan tauraron ɗan'adam ba su goyi bayan maganar da aka saba yi cewa tafkin yana gab da ɓacewa ba.

Darasin da mai nazarin tarihi zai ɗauka a nan shi ne, abin da ya faru a Ngurno da Darak a idon shaidu shi ne ya yi ta faruwa tun fil azal. Duk lokacin da ruwa ya ja, mutane sun bi shi sun yi gini. Duk lokacin da ya dawo, ya rufe abin da suka gina.

3.3 Jirgin Dufuna

Dufuna ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Fune, tsakanin Potiskum da Gashuwa, kusa da kogin Komadugu Gana. A shekarar 1987, lokacin wurin yana cikin Jihar Borno domin ba a ƙirƙiro Jihar Yobe ba sai 1991, wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya don shayar da dabbobinsa, sai ya ci karo da wani abu mai tauri a zurfin kimanin mita 5. Da ya duba ya ga baƙin itace ne sassaƙaƙƙe, sai ya kai labari ga dagaci, magana ta bi matakan hukuma har ta isa Jami'ar Maiduguri. Abubakar Garba na wannan jami'a ya gudanar da tonon farko a 1989 da 1990 ya tabbatar da cewa kwalekwale ne. A shekarar 1994, ƙarƙashin haɗin guiwar Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, shi da Peter Breunig suka buɗe jirgin baki ɗaya, aikin da ya ci leburori 50 mako biyu. Ba a ciro shi daga ramin ba sai a 1998, aka kai shi Damaturu aka sa shi cikin ruwan magani.

Tsawon jirgin mita 8.4 ne, faɗinsa kimanin rabin mita, kaurin jikinsa kuwa kimanin santimita 5. Daga gungumen itace guda aka fafe shi, kuma an bayyana itacen da cewa daga dangin maɗaci yake. An kai ɓangarorinsa ɗakunan gwaji biyu a Jamus aka yi musu gwajin kabon, wato auna abin da ya rage na wani sinadari da ke raguwa a jikin itace sannu a hankali tun daga ranar da aka sare shi. Sakamakon ya nuna cewa jirgin ya kai shekara 8,000 (Breunig, 1996). Da wannan ya zama jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka, kuma ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan mafiya tsufa a duniya. Na Pesse da aka samu a ƙasar Holan a 1955 ya girme shi, amma tsawonsa bai wuce mita 3 ba, kuma aikinsa bai kai na Dufuna kyau ba. Shahararren jirgin Fir'auna Khufu na Masar kuwa, na Dufuna ya girme shi da fiye da shekara 3,000.

A ra'ayin mai wannan nazari, yawan nanata matsayin jirgin, ko na biyu ne ko na uku a duniya, ya janye hankali daga abin da ya fi muhimmanci, wato abin da jirgin yake faɗa game da wanda ya sassaƙa shi. Da farko dai an yi shi ne dubban shekaru kafin a san ƙarfe, ke nan babu gizago babu gatari irin na maƙera. Da kayan dutse aka sare itacen aka fafe shi, mai yiwuwa tare da taimakon wuta. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masassaƙa ya ga wahalar fafe turmi da gizagon ƙarfe zai gane girman aikin fafe gungume mai tsawon mita 8 har a mayar da jikinsa siriri, ba tare da an huda shi ko ya tsage ba. Na biyu, goshin jirgin da bayansa duk an fiƙe su da kyau don su tsaga ruwa. Breunig ya yi nuni da cewa irin wannan ƙwarewa ba ta farkon koyo ba ce, tilas sana'ar ta daɗe kafin ta kai haka. Idan kuwa haka ne, to tarihin sassaƙar jirgi a wannan yanki ya wuce shekara 8,000 nesa ba kusa ba. Na uku, samun itace mai wannan tsawo da miƙewa yana nuna cewa bakin kogin a wancan zamani kurmi ne, ba irin ƙasar da ake gani yanzu tsakanin Potiskum da Gashuwa ba. Haka kuma babu mai ɓata watanni wajen sassaƙa jirgi mai ɗaukar mutane da kaya sai in akwai ruwan da zai ɗauke shi da kuma inda za a je. Zamanin jirgin ya yi daidai da zamanin cikar babban tafkin, lokacin da gaɓarsa ba ta da nisa sosai da Dufuna.

Abin da ya tsare jirgin shi ne wurin da ya kwanta. An same shi a ƙarƙashin jerin shimfiɗu na yumɓu da rairayi waɗanda ambaliya ta riƙa zubawa, kuma a cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Rijiya makiyayin yake nema, ya kuwa kai ga ruwa. A nan jirgin yake. Saboda haka ko da yake ba mai nutso ne ya gano shi ba, jirgin Dufuna kayan tarihi ne na cikin ruwa ta kowace fuska, domin a cikin ruwa yake kwance har ranar da aka gano shi.

A nan yana da kyau ɗalibin harshe ya ɗan tsaya. Kalmar “jirgi” a Hausa asalinta ta ruwa ce. Da Turawa suka kawo na dogo da na sama sai aka ara musu sunan aka ce jirgin ƙasa da jirgin sama, har ya zama dole a riƙa cewa “jirgin ruwa” don a bambanta uban da 'ya'yansa. Haka kuma “komi” yana nufin ƙaramin jirgi, yana kuma nufin abin da ake zuba wa dabbobi ruwa a ciki. Abin sha'awa shi ne Ibn Furtu, a littafinsa na 1576 kan yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma, ya kwatanta ƙananan jiragen da ake ƙetare kogi da su a Borno da komin makiyaya, ya kuma lissafa sauya su da manyan jirage cikin ayyukan alherin sarkin, domin dā sai rundunar yaƙi ta yi kwanaki kafin ta gama ƙetarewa. Wannan ɗan ambato yana cikin wurare ƙalilan da jirgi ya shiga tarihin fada, kuma bai shiga ba sai don ya shafi rundunar sarki.

3.4 Tuddan Firki da Mutanen Sao

Bayan da babban tafkin ya ja baya, ya bar shimfiɗaɗɗiyar baƙar laka a kudu da tafkin na yanzu, wadda Barebari ke kira firki, inda ake noman dawar masakwa da rani. Da damina ruwa yakan rufe wannan fili, saboda haka mutane suka zauna a kan 'yan tuddai, suna gini a kan rusasshen gini har tudun ya yi tsawo. Graham Connah ya tona ɗaya daga cikinsu a Daima a 1965 da 1966, ya ratsa kusan mita 11 na tarkacen zama, daga wajen shekara ta 550 kafin Miladiyya zuwa wajen 1150 Miladiyya (Connah, 1981). A shimfiɗun ƙasa ya sami kayan aiki na ƙashi, ciki har da masu na kamun kifi masu ƙayoyi, da gatura na dutse, alhali babu dutse ko ɗaya a firki sai an ɗauko shi daga nesa. A sama kuma ya sami ƙarfe da tagulla da duwatsun ado. Ga kuma 'yan gumakan shanu na yumɓu. Wato mutanen makiyaya ne kuma masunta ne a lokaci guda.

A yamma da firki, binciken haɗin guiwar Frankfurt da Maiduguri ya gano al'adar Gajiganna, ta makiyayan da suka shigo tsohon gindin tafkin wajen shekara ta 1800 kafin Miladiyya, daga baya suka kama noman gero. A Zilum, arewa da Maiduguri, Carlos Magnavita ya yi amfani da na'urar da ke gano abin da ke cikin ƙasa ba tare da tono ba, ya nuna gari mai faɗin kimanin hekta 12 wanda aka kewaye da gwalalo tun tsakiyar shekaru dubu na ƙarshe kafin Miladiyya. Wannan yana da muhimmanci ga masu nazarin asalin birni da ganuwa a ƙasar Hausa da Borno.

A ɓangaren Chadi da Kamaru kuwa Faransawa ne suka yi aikin, musamman Jean-Paul Lebeuf tun daga 1936, da Annie Masson Detourbet. Su ne suka yayata sunan Sao, mutanen da aka sani da gumakan yumɓu da kayan tagulla da binne mamaci cikin manyan randuna. A bakin Barebari da Kotoko, Sao ƙatti ne masu ƙarfin da ya wuce hankali, masu ɗaukar giwa a kafaɗa. A Diwan kuwa abokan gaba ne da suka kashe sarakuna huɗu a jere a ƙarni na 14, a wurin Ibn Furtu kuma su ne Sao-Gafata da Sao-Tatala waɗanda Mai Idris ya sare musu itatuwa ya lalata musu amfanin gona har ya karya su. A nan ana iya cewa an san Sao ta bakin wanda ya ci su da yaƙi, an kuma san su ta tatsuniya, amma tone-tone ne kawai ya nuna su a matsayin maƙera da magina da masunta.

Sai dai akwai giɓi. Duk waɗannan wurare tuddai ne, kuma abin da tudu ke adanawa shi ne yumɓu da ƙashi da ƙarfe. Mashin ƙashin Daima ya zo hannunmu, amma ƙotarsa da igiyarsa da jirgin da aka jefa shi daga ciki ba su zo ba. Su kuwa Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina, mazauna tsibiran tafkin, kusan dukkan kayan rayuwarsu na gargajiya masu ruɓewa ne: jirginsu na kadai da ciyawar ruwa ake ɗaure shi, ba ya wuce 'yan watanni, ɗakunansu ma na ciyawa ne, dukiyarsu kuwa shanun Kuri ne masu kumburarrun ƙahoni da ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Barebari da Turawa sun fi ambatonsu a matsayin 'yan harin ruwa. Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, wanda aka ɗauko masa jirgi gunduwa-gunduwa a kan raƙuma daga Tarabulus, ya zaga tsibiransu a 1851, amma ya rasu a 1852 bai tsara bayanansa ba. Alhali su ne suka riƙa ƙetaro da kanwa daga gabashin tafkin zuwa gaɓar Borno, daga nan fatake su kai ta kasuwannin ƙasar Hausa. Kanwar da ake kira ungurnu daga sunan garin Ngurno ta samo sunanta (Lovejoy, 1986). Mutanen da suka riƙe irin wannan ciniki, in ana son a san daɗewarsu da yadda suka rayu kafin zuwan marubuta, sai dai a nemi amsar a cikin lakar tsibiransu.

3.5 Halin da Kayan Suke Ciki

Ta fuskar doka, Nijeriya tana da Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda Doka ta 77 ta 1979 ta kafa. Ta kuma amince a 2005 da yarjejeniyar UNESCO ta 2001 kan kare kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa. Ma'anar da yarjejeniyar ta bayar ta dace da Chadi kamar don shi aka yi ta, domin ta haɗa duk abin da ya yi aƙalla shekara 100 a cikin ruwa, ko gaba ɗayansa ko wani sashe, ko a kullum ko lokaci-lokaci. Ta kuma fifita a bar abu a inda yake a kan a ciro shi. Hikimar hakan a fili take: itacen da ya sha ruwa na dubban shekaru, ruwan ne yake riƙe da siffarsa, da zarar ya bushe sai ya motse ya tsattsage. Jirgin Vasa na Suwidin da aka ciro a 1961 sai da aka shekara 17 ana fesa masa wani sinadari mai kama da kakin zuma kafin a bar shi ya bushe. Wannan ne ya sa ciro jirgin Dufuna ya zama farkon ɗawainiya, ba ƙarshenta ba.

Barazanar da aka fi ambata ita ce sata da rashin tsaro, kuma duka biyun gaskiya ne. Tun a shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa gumakan Sao, tare da na Nok, cikin jerin kayan Afirka da aka fi wawashewa. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya mayar da yawancin wuraren da aka ambata a wannan babi, daga Bama zuwa Gajiganna da Baga da tsibirai, fagen fama, ya kuma tarwatsa tsofaffin da ke riƙe da tarihin baka zuwa sansanonin gudun hijira. A 2018 an sa yankin tafkin cikin jerin share fage na kayan gadon duniya, amma a 2020 gwamnatin Chadi ta nemi a jingine batun saboda yarjejeniyoyin neman man fetur.

Amma akwai wata barazana da ba ta da amo, wadda mai wannan nazari yake ganin ta fi shafar irin kayan Dufuna, wato bushewar ƙasa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke cika fadamun Haɗejiya da Nguru, ambaliyar da ita ce take ciyar da ruwan ƙarƙashin ƙasa a kwarin Yobe. Ga kuma rijiyoyin burtsatse da injinan ban-ruwa da ke zuƙe shi. Ba a musun amfanin waɗannan ayyuka ga manoma da mutanen birni. Abin lura dai shi ne duk inda ruwan ƙasa ya sauka ƙasa da inda wani itacen tarihi yake kwance, iska za ta shiga, abin da ya jure shekara dubbai ya ruɓe cikin 'yan shekaru, ba tare da ɓarawo ya taɓa shi ba, ba kuma tare da kowa ya san an yi hasara ba. Da wuya a ce jirgi ɗaya tak aka sassaƙa a duk faɗin kwarin Komadugu a wancan zamani.

Idan aka yi la'akari da yadda aka sami jirgin, za a ga cewa ba jami'a ce ta gano shi ba, ba kuma hukuma ba. Mutanen da suke shiga cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa a kullum su ne masu haƙar rijiya, da masu haƙar yumɓu, da manoman fadama, da masuntan da tarunsu ke maƙalewa a gindin ruwa. Da makiyayin Dufuna ya fasa itacen ya ci gaba da haƙarsa, ko ya ciro shi ya shanya don girki, da babu wannan babi. Saboda haka aikin farko ba na sayen kayan nutso ba ne. Aikin farko shi ne a isar da saƙo ta bakin dagatai da masu unguwanni da sarakunan ruwa, cikin Barbarci da Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa, cewa wanda ya ci karo da sassaƙaƙƙen itace a cikin rami kada ya ciro shi, kada ya bar rana ta buge shi, ya mayar masa da jiƙaƙƙiyar laka ya rufe, ya sa alama, sa'annan ya kai labari. Tilas kuma hukuma ta ɗauki nauyin haƙa masa wata rijiyar a madadin wadda ya bari, domin makiyayin da shanunsa ke jin ƙishirwa a watan Afirilu ba zai rufe ramin da ya kai ga ruwa ba don a ce masa akwai tarihi a ciki.